Kwangilar sabon kiɗan fiyano: Abubuwan da ya kamata ka sani

Ranar 7 ga Maris, 2019, birane biyu na Amurka suka saurari kiɗan da kunne bai taɓa ji ba. A Bostan, Kirill Gerstein ya zauna gaban fiyano ya kaɗa sabon aikin Thomas Adès ɗan Ingila, shi Adès ɗin da kansa yana jagorantar makaɗa. A can ɗaya gefen ƙasar, a Los Anjelis, Yuja Wang ce ta kaɗa sabon aikin John Adams, sandar jagora kuma tana hannun Gustavo Dudamel. Duk su biyun ba daga sama suka faɗo ba. Tun da daɗewa kafin wannan dare wasu sun zauna sun yi ciniki, an sa hannu a takarda, an ba da kafin alƙalami, an tsayar da rana. Oda aka bayar, aka cika.

Haka akasarin manyan kaɗe-kaɗen Turawa na wannan zamani suke samuwa. Sai dai cinikin yana da ban mamaki, domin mai biyan kuɗin bai san abin da zai karɓa ba, kuma ko ya karɓa, ba nasa ba ne.

## Wane irin kiɗa ake magana a kai?

Konceto ake kiransa. Makaɗi ɗaya ne gwani ke zama a gaba da kayan kiɗansa, bayansa kuma babbar ƙungiyar makaɗa, wato okestira, mai mutum saba'in, tamanin ko fiye: masu goge manya da ƙanana, masu sarewa da ƙahonin ƙarfe, masu ganguna da kuge. Wani lokaci su yi tafiya tare, wani lokaci su yi ta mayar wa juna martani, wani lokaci kowa ya yi tsit a bar gwanin shi kaɗai. Bisa al'ada kashi uku ake yi, mai sauri, mai sanyi, sai mai sauri kuma, jimilla minti ashirin zuwa arba'in.

Komai a rubuce yake. Kowane sauti da kowane makaɗi zai fitar, da tsawonsa da ƙarfinsa, mutum ɗaya ne ya zauna ya tsara shi a takarda. Wahalar fiyano a nan ita ce, duk da maɓallai 88 da yake da su, 'yar guduma ce ke bugun tsirkiya a cikinsa, don haka da sauti ya fita sai ya fara mutuwa. Mai goge ko mai busa yana iya riƙe sauti ya ƙara masa ƙarfi yadda ya so. Idan mai tsara kiɗa bai iya lissafi ba, mutum tamanin za su binne mutum ɗaya, a ga yatsunsa na gudu amma ba a jin komai.

## Daga fada zuwa kasuwa

Da can makaɗin Turai bawan fada ne. Yarjejeniyar da Joseph Haydn ya sa wa hannu a gidan sarautar Esterházy a 1761 ta wajabta masa rubuta duk abin da yarima ya buƙata, ta hana shi bai wa wani kwafi, ta kuma hana shi yi wa wani kiɗa sai da izini. Wanda ya san zaman da Ibrahim Narambaɗa ya yi a fadar Sarkin Gobir na Isa ba zai ga baƙon abu a nan ba: ubangida ne ke ɗauke da ci da sha da sutura, fasaha kuma tasa ce. Sai a 1779 aka sabunta wa Haydn yarjejeniya, aka sakar masa mara ya riƙa sayar wa masu ɗab'i ayyukansa.

Mozart ya bi wata hanyar. Tsakanin 1784 da 1786 ya rubuta konceton fiyano goma sha biyu a birnin Biyana, yawancinsu don kansa. Shi ne mai tsarawa, shi ne mai kaɗawa, shi ne mai neman waɗanda za su biya kuɗin shiga. Beethoven ma haka ya fara, har kurunta ta ci ƙarfinsa, konceto na biyar sai wani ne ya kaɗa shi a bainar jama'a a Leipzig a 1811. Sannu a hankali sana'ar ta rabu gida biyu, mai rubutawa daban, mai kaɗawa daban. Da zarar an rabu haka kuwa, dole a sami na uku da zai biya, kuma dole a sami takardar da za ta fayyace haƙƙin kowa.

## Su wa ke fitar da kuɗin?

Masu hannu da shuni na nan tun asali. Winnaretta Singer, 'yar mai kamfanin keken ɗinkin nan na Singer, wadda ta auri wani basarake a Faransa, ita ta biya Francis Poulenc ya rubuta konceto na fiyano biyu da aka fara kaɗawa a Venis a 1932. Shugabannin makaɗa ma suna ba da oda: Paul Whiteman ne ya nemi George Gershwin ya yi masa Rhapsody in Blue, aka kaɗa ranar 12 ga Fabrairu, 1924 a Niyu Yok, kuma saboda ƙurewar lokaci Ferde Grofé ne ya rarraba wa sauran makaɗan abin da za su kaɗa. Serge Koussevitzky na okestirar Bostan ya bai wa Olivier Messiaen oda ba tare da gindaya masa tsawo ko yawan makaɗa ba, shi kuwa ya kawo Turangalîla, mai kashi goma da ɗaukar sama da awa guda, da rabon fiyano mai tsananin wuya wanda Yvonne Loriod ta kaɗa a 1949.

Akwai kamfanonin ɗab'i, kamar G. Schirmer da ya yi bikin cika shekara ɗari da ba Samuel Barber odar konceto. Akwai gidauniyoyi, kamar ta Ford da ta ɗauki nauyin konceton Elliott Carter don makaɗi Jacob Lateiner. Akwai bukukuwan kiɗa, kamar na Salzburg da ya nemi Witold Lutosławski ya rubuta wanda Krystian Zimerman ya kaɗa a 1988. Akwai kuma gidajen rediyo, musamman BBC da na jihohin Jamus, waɗanda ke da okestirorin kansu.

A yau an fi yin karo-karo. Okestira uku ko huɗu daga ƙasashe daban-daban su haɗa kuɗi, ɗaya ta sami kaɗawar farko a duniya, sauran kowace ta sami ta farko a ƙasarta. Nauyin ya ragu, kiɗan kuma ya sami tabbacin za a ji shi fiye da sau ɗaya.

## Me ke cikin yarjejeniyar?

Tsawon kiɗan a mintoci, domin galibi da shi da yawan makaɗa ake ƙiyasta lada. Iya kayan kiɗan da aka yarda a yi amfani da su, domin duk makaɗin da aka ɗauko daga waje ƙarin kuɗi ne. Ranar miƙa aiki. Yadda za a biya, yawanci wani kaso a farko, ragowar bayan an kammala. Wanda zai biya masu kwafe wa kowane makaɗi takardarsa. Sai kuma babban batu, wa'adin keɓewa: watanni ko shekarun da ba wanda zai kaɗa aikin ko ya naɗe shi a faifai sai wanda aka rubuta wa.

Abin da ba ya cikin cinikin shi ne haƙƙin mallaka. Wannan na mai tsarawa ne da kamfanin ɗab'insa, kuma a ƙasashen Tarayyar Turai yana ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwarsa. Duk okestirar da za ta kaɗa aikin daga baya hayar takardun za ta yi, ta biya. Mai oda ya sayi fifiko ne da ambaton sunansa a shafin farko. Ba shi da ikon cewa a canza nan, a rage can. An kai ga wannan tsari ne bayan an sha rigingimu, kuma babu wanda labarinsa ya fi nuna dalilin haka kamar wani attajiri ɗan Ostiriya.

## Attajiri mai hannu ɗaya

An haifi Paul Wittgenstein a Biyana a 1887, a gidan Karl Wittgenstein, hamshaƙin mai masana'antar ƙarfe. Ƙaninsa shi ne Ludwig, masanin falsafar nan. Gida ne da su Brahms da Mahler ke shiga. Paul ya fara fita a matsayin makaɗin fiyano a 1913. Shekara na zagayowa Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka harbe shi a gwiwar hannu, sojojin Rasha suka kama shi, aka yanke masa hannun dama, aka tura shi sansanin fursunoni a Omsk ta Saiberiya. Tun yana can ya ƙudurta cewa ba zai bar sana'ar ba.

Da ya dawo gida sai ya tarar kiɗan hannun hagu kaɗai da ake da shi bai taka kara ya karya ba, balle wanda za a yi da okestira. Amma yana da abin da sauran nakasassun yaƙi ba su da shi, wato dukiya. Ya fara da malaminsa makaho Josef Labor, sannan ya bi manyan zamanin ɗaya bayan ɗaya: Erich Korngold, Paul Hindemith da Franz Schmidt a farkon shekarun 1920, Richard Strauss har sau biyu, Maurice Ravel, Sergei Prokofiev, daga baya Benjamin Britten. Yana biya da tsoka, yana kuma neman keɓewa mai tsawo.

Matsalarsa ita ce kunnensa na ƙarni na sha tara ne, mutanen da yake ba aiki kuwa 'yan ƙarni na ashirin ne. Suna ya bi ya saya, ba salon da yake so ba. Kuma a ganinsa wanda ya biya kuɗi shi ke da ta cewa. Ya yi ƙorafi ga Strauss cewa okestira ta yi masa nauyi. Ya yi irin wannan da Britten a kan Diversions, wanda aka fara kaɗawa a Filadelfiya a 1942. A nan ba zan ce ba shi da hujja sam ba, domin mai yatsu biyar da ke fuskantar mutum tamanin yana da dalilin tsoron a danne shi. Amma yadda ya bi da tsoron ne ya jawo abin da ya jawo.

## Rigimarsa da Ravel

Ravel ya rubuta nasa tsakanin 1929 da 1930, a daidai lokacin da yake rubuta wani konceton na hannu biyu. Ya ɗauki ƙarancin hannun a matsayin wasa ƙwaƙwalwa. Burinsa shi ne wanda ya rufe ido kada ya gane hannu ɗaya ke aiki. Ya lura cewa a hannun hagu babban yatsa ne ke ɓangaren sautuka masu zaƙi na sama, kuma shi ya fi ƙarfi, sai ya ɗora masa waƙar, sauran yatsu huɗu suna yi masa rakiya a ƙasa. Feda kuma, wadda ake takawa da ƙafa, tana riƙe sautin ƙasa yayin da hannun ya yi tsalle zuwa sama. Kiɗan kashi ɗaya ne tak, bai kai minti ashirin ba, yana farawa da gurnanin manyan goge da wata doguwar sarewa mai zurfin murya, kafin fiyano ya shigo da ƙarfinsa.

Wittgenstein ya fara kaɗa shi a Biyana ranar 5 ga Janairu, 1932. Ravel ba ya wurin. Da ya zo birnin daga baya tare da makaɗiya Marguerite Long, aka kaɗa masa a gidan Wittgenstein, sai ya ji abin da bai rubuta ba: an ɗauke wasu layuka daga okestira an mayar wa fiyano, an ƙara ado, an taɓa nan da can. Long, wadda ta rubuta labarin daren, ta ce Ravel ya fusata ƙwarai. Wittgenstein ya kare kansa da cewa shi tsohon hannu ne a fiyano kuma abin bai yi daɗin ji ba, Ravel ya mayar masa cewa shi kuma tsohon hannu ne a tsara wa okestira kiɗa, kuma ya yi daɗin ji. Aka koma musayar wasiƙu, Wittgenstein na cewa makaɗa ba bayi ba ne, Ravel na cewa bayi ne.

Sun daidaita har suka hau dandali tare a Faris a 1933, amma zuciya ba ta koma daidai ba. Ravel ya jira wa'adin keɓewa ya ƙare, sai a 1937 Jacques Février, wanda ya koyi kiɗan a gabansa, ya kaɗa shi yadda aka rubuta. A ƙarshen wannan shekara Ravel ya rasu. Kafin rasuwarsa ya kuma ƙi amincewa da yunƙurin makaɗi Alfred Cortot na mayar da kiɗan na hannu biyu, abin da ke nuna cewa ba Wittgenstein kaɗai yake yi wa rowa ba. A wurinsa duk wanda ya taɓa rubutun ya yi laifi.

## Kiɗan da aka kulle

Na Ravel ya yi sa'a, an dai kaɗa shi. Prokofiev ya miƙa konceto na huɗu a 1931, Wittgenstein ya yi godiya, ya ce bai fahimci kiɗan ba, kuma bai taɓa kaɗa shi ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani Bajamushe, Siegfried Rapp, wanda shi ma ya rasa hannun dama a fagen fama, ya roƙe shi izinin kaɗa ayyukan da aka rubuta masa. Wittgenstein ya ƙi, ya ce ba a gina gida don wani ya shiga, shi ya nema, shi ya biya, kuma muddin yana kan sana'a nasa ne shi kaɗai. Ta hannun matar Prokofiev Rapp ya sami kundin, ya kaɗa shi a Balin a 1956, shekara uku bayan rasuwar Prokofiev.

Na Hindemith ya fi wannan muni. An rubuta shi a 1923, Wittgenstein bai so shi ba, bai kaɗa ba, bai kuma saki ba. Ya tafi da takardunsa Amurka bayan 'yan Nazi sun mamaye Ostiriya a 1938 sun lissafa danginsa cikin Yahudawa. Ya rasu a 1961, Hindemith ya bi shi a 1963, takardun suka ci gaba da zama a kulle a gidan matar Wittgenstein a jihar Pennsylvania. Sai bayan rasuwarta aka buɗe kayan aka ga kwafin. A watan Disamba na 2004 Leon Fleisher, wanda shi ma ciwon jijiya ya hana shi amfani da hannun dama shekaru masu yawa, ya kaɗa shi tare da okestirar Balin ƙarƙashin Simon Rattle. Shekara 81 kenan tsakanin rubutu da saurare.

Duk da haka ba a yi wa mutumin adalci ba idan aka tsaya nan. Ba don taurin kansa da aljihunsa ba, da Fleisher da Rapp da duk makaɗin da hannun dama ya ci amanarsa ba su sami abin kaɗawa mai nauyi ba. Halin da ya sa ya ƙi yarda yaƙi ya raba shi da fiyano, shi ne dai halin da ya sa ya ƙi sakin takardun.

## Daga tebur zuwa dandali

Rubuta konceto yakan ci shekara guda ko biyu, wani lokaci fiye. György Ligeti ya fitar da kashi uku na nasa a 1986, ya saurara, ya ga bai cika ba, ya ƙara biyu, aka kaɗa cikakken a 1988. Makaɗin da aka rubuta wa yakan riƙa karɓar shafuka kaɗan-kaɗan, yana gwadawa, yana faɗin inda yatsa ba zai kai ba. Mai tsara kiɗa na gari yana auna hannun wanda zai kaɗa: faɗin tafinsa, saurinsa, irin sautin da ya fi fitarwa. Barber ya sa makaɗi John Browning ya yi ta kaɗa masa abubuwan da ya iya kafin ya fara rubutu, kashi na ƙarshe kuwa bai kammalu ba sai ana saura kimanin mako biyu a hau dandali a watan Satumba na 1962. Browning ya haddace shi a haka, aikin kuma ya ci kyautar Pulitzer a 1963.

Okestira ita ce ke zuwa a ƙarshe. Saboda tsadar tara mutum tamanin a ɗaki ɗaya, gwaji biyu ko uku kawai ake samu, kuma a nan ne mai tsarawa zai fara jin abin da ya shekara yana ji a ƙwaƙwalwarsa. Gyaran da za a yi da fensir ake yinsa, a tsaye.

## Matsalar kaɗawa ta biyu

Kaɗawar farko tana da masu so. 'Yan jarida za su zo, mai oda zai zauna a layin gaba, okestira za ta rubuta a tarihinta cewa ita ta fara. Ta biyu ba ta da wannan armashi, ga kuɗin hayar takardu, ga ƙarin lokacin gwaji, ga masu sayen tikiti da suka fi son Tchaikovsky da Rachmaninoff da suka saba ji. Shi ya sa ayyuka da yawa da aka kashe wa kuɗi da shekaru ake jin su sau ɗaya, shi ke nan.

A nan konceto ya fi sauran kiɗan okestira sa'a, domin yana da mai ɗauke da shi. Makaɗin da ya ɓata watanni yana haddace abu mai wuya ba zai so wahalarsa ta tafi a dare ɗaya ba, duk inda aka gayyace shi zai ce ga abin da yake so ya kaɗa. Zimerman ya yi haka da na Lutosławski, ya kuma naɗe shi a faifai har sau biyu. Gerstein, wanda shi ya fara roƙon Adès ya rubuta masa konceto kafin okestirar Bostan ta ɗauki nauyi, ya zaga da shi biranen Turai da Amurka, kamfanin Deutsche Grammophon kuma ya fitar da faifansa a 2020. Don haka wa'adin keɓewa na ɗan lokaci yana da amfani, shi ne ladan wanda ya yi dakon. Idan ya yi tsawo ne yake zama kurkuku. Alamar da masu ɗab'i ke jira ita ce ranar da makaɗi na biyu, wanda ba a rubuta don shi ba kuma ba a biya shi ya koya ba, zai aiko yana neman takardun.